KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁE KUƊI: WA YA SAMO WA AMURKA 'YANCI?



Akwai wata magana da wasu masu ilmin boko suke jefa wa talaka duk lokacin da ya buɗe baki a kan sha'anin mulki. Sai su ce masa, "Malam, koma rumfarka, siyasa ta manya ce. Dubi Amurka da ƙarfinta: ai wasu 'yan manyan mutane masu ilmi da dukiya ne suka zauna suka samo mata 'yanci, sauran jama'a suka bi." Sa'an nan su jero sunaye: Washington, Jefferson, Adams, Franklin, Hamilton. Mu ma da muka yi makaranta haka aka sa muka haddace su. Huɗu daga cikinsu hotunansu na kan kuɗin takarda na ƙasar: Washington a kan dala 1, Jefferson a kan dala 2, Hamilton a kan dala 10, Franklin a kan dala 100.

To, a wannan mako mun ɗauki alƙalami don mu amsa wannan magana. Ba mu ce mutanen nan ba su yi komai ba. Abin da muka ce shi ne an ba ku rabin labari, kuma rabin da aka ɓoye shi ne naku. Ku saurara ku ji shi da sunaye da shekaru, don gobe in wani ya sake kawo muku wannan zance ku sami abin mayar masa.

HARAJI NE MAFARIN RIGIMA

A wancan zamani Amurka yankuna 13 ce a ƙarƙashin Sarkin Ingila, Joji na Uku. A 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa, ta yi nasara, amma bashin da ke kanta ya haura fam miliyan 120. Sai majalisar Landan, wadda babu wakilin Amurka ko ɗaya a cikinta, ta ce mutanen Amurka su biya nasu kaso. A 1765 ta kafa dokar kan sarki: kowace jarida, kowace takardar kotu, takardar ciniki, har katin karta, sai an buga mata hatimi an biya kuɗi.

Manya suka yi taro, suka rubuta takardun roƙo cikin ladabi. Amma wa ya kashe dokar? A birnin Boston, ran 14 ga Agusta 1765, jama'a suka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya sayar da kan sarkin, a jikin wata babbar itaciya. Wanda ya ja gaban taron sunansa Ebenezer Mackintosh, kuma sana'arsa ɗinkin takalma. Kashegari Oliver ya ce ya ajiye aikin. Sauran garuruwa suka kwaikwaya, har ya zamana ranar da dokar za ta fara aiki, 1 ga Nuwamba, kusan babu wanda ya yarda ya sayar da kan sarkin. 'Yan kasuwa kuma suka haɗa kai suka daina odar kaya daga Ingila. Da ciniki ya tsaya, attajiran Landan da kansu suka matsa wa majalisarsu, aka soke dokar a watan Maris 1766.

A 1767 aka sake sa haraji a kan gilashi, dalma, fenti, takarda da ganyen shayi. Aka sake ƙaurace wa kayan Ingila. Mata suka koma kaɗi da saƙa don kada a sayi yadin Ingila, suka bar shan shayi. Babu hoton ko ɗaya daga cikin matan nan a kan kuɗi. Mackintosh kuwa ya bar Boston, ya mutu cikin talauci a 1816.

JININ WA YA FARA ZUBA?

A 1768 aka kawo sojan Ingila Boston. Albashinsu kaɗan ne, saboda haka in sun tashi daga aiki sai su shiga neman ƙwadago da araha, suna ƙwace abincin leburorin gari. Ran 5 ga Maris 1770 soja suka buɗe wuta a kan taron jama'a, mutum biyar suka rasa rayukansu. Ga su: Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa, baƙin mutum mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar, Samuel Gray, mai tufkar igiya, James Caldwell, shi ma ɗan jirgi, Samuel Maverick, yaro ɗan shekara 17 mai koyon sana'a, da Patrick Carr, baƙo daga Ailan mai aikin fata. Ku duba da kyau, akwai attajiri ko lauya a cikinsu?

Lauyan da ya kare sojan a kotu shi ne John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu. Ba mu ga laifinsa don ya kare su ba, kowane mai laifi yana da hakkin a ji ta bakinsa. Amma a gaban alƙali ya kwatanta mutanen da aka harba da cewa gayyar 'yan iska ce ta yara marasa kunya, baƙaƙe, 'yan Ailan da 'yan jirgi. Aka sallami hafsan da soja shida, biyu aka yi musu lalas a babban yatsa aka sake su. Watau jinin talaka ya yi amfani wajen tayar da jama'a, amma shi kansa talakan ɗan iska ne.

Ku 'yan kasuwa, ga naku. A 1773 majalisar Landan ta ba Kamfanin Gabashin Indiya damar kai shayinsa Amurka kai tsaye, ya sayar ta hannun dillalan da ya zaɓa kaɗai, da harajin kwabo uku a kowace laba. A Boston biyu daga cikin dillalan 'ya'yan Gwamna Thomas Hutchinson ne. Kowa ya taɓa riƙe rumfa ya san ma'anar wannan: yau shayi, gobe gishiri, jibi yadi, har ƙaramin ɗan kasuwa ya zama ɗan kallo. Daren 16 ga Disamba 1773 mutane suka hau jiragen ruwa uku suka zubar da akwati 342 na shayi cikin teku. Yawancinsu masu sana'ar hannu ne da yara masu koyo. Ɗaya daga cikinsu, George Hewes, shi ma mai ɗinkin takalma ne. Kuma daren 18 ga Afrilu 1775, mutanen da suka hau doki suka kai gargaɗin cewa soja na tafe su ne Paul Revere, maƙerin azurfa, da William Dawes, majemi. Kashegari manoma suka tari sojan Sarki a Lexington da Concord, yaƙi ya ɓarke.

MUTUMIN DA YA YI MAGANA DA HARSHEN KASUWA

Har bayan jini ya zuba, da yawa daga cikin manya ba su yarda a rabu da Ingila ba. A watan Yuli 1775 majalisarsu ta aika wa Sarki takardar neman sulhu, tana jaddada biyayya. Sarki ko duba ta bai yi ba.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Thomas Paine, ɗan wani maɗinki daga Thetford a Ingila, tsohon ma'aikacin kwastan da aka kora daga aiki, wanda ya sauka Filadelfiya a ƙarshen 1774 ba shi da komai. A watan Janairu 1776 ya fitar da ɗan littafi mai suna Common Sense, ana sayar da shi sule biyu. Bai rubuta shi don lauyoyi ba. Ya rubuta shi yadda mai faskare zai fahimta, ya ce sarauta ta gado ba ta da tushe a hankali, kuma lokacin rabuwa ya yi. Aka yi ta karanta shi da ƙarfi a wuraren hira da sansanin soja ga waɗanda ba su iya karatu ba. Cikin wata shida ra'ayin ƙasa ya juya, ran 4 ga Yuli 1776 majalisa ta amince da takardar shelar 'yanci. Ribar littafin kuwa ya bar wa rundunar yaƙi.

Mene ne ladansa? Daga baya ya soki Washington a fili, ya kuma yi rubutu a kan addini wanda ya ɓata wa mutane da yawa rai, aka juya masa baya. A 1806 ya je jefa ƙuri'a a garin New Rochelle aka hana shi, wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Ya mutu a 1809, mutum shida ne suka raka gawarsa.

IDAN KURA NA MAGANIN ZAWO

Takardar shelar 'yanci Thomas Jefferson ne ya tsara ta, yana ɗan shekara 33. Ta ce an halicci mutane duka daidai, kuma kowa yana da hakkin rai da 'yanci. Magana mai kyau, mu ma mun yarda da ita. Amma ranar da aka rubuta ta, cikin mutum wajen miliyan biyu da rabi na ƙasar, kusan kashi ɗaya cikin biyar bayi ne. Cikin mutum 56 da suka sa hannu, fiye da rabi sun mallaki bayi. Jefferson kansa ya mallaki fiye da mutum 600 a tsawon rayuwarsa. Biyu ya 'yanta a rubuce yana da rai, biyar a wasiyya. Ya mutu ran 4 ga Yuli 1826 da bashi a kansa, aka sa mutum 130 a gwanjo, aka raba uwa da ɗa.

Patrick Henry, wanda ya tashi a Virginia a watan Maris 1775 ya ce ko 'yanci ko mutuwa, ya mutu a 1799 bai 'yanta bawa ko ɗaya ba. A gandun Washington akwai bayi 317 a shekarar da ya mutu, 1799, 123 daga ciki nasa ne na kansa. Ya yi wasiyya a 'yanta nasa, wannan gaskiya ne, kuma ya fi sauran a nan. Amma a 1796, yana kan kujerar shugaban ƙasa, wata baiwa ta gidansa, Ona Judge, ta gudu daga Filadelfiya zuwa New Hampshire, ya yi ta aika mutane su komo da ita. Ta ƙi, ta mutu da 'yancinta a 1848. A nan wa ya fi fahimtar takardar shelar 'yanci, shugaban ƙasa ko baiwar?

Bayin nan ba su zauna jiran kyauta ba. A Massachusetts wata baiwa, Elizabeth Freeman, wadda ba ta iya karatu ba, ta ji ana karanta sabon tsarin mulkin jihar na 1780 mai cewa an haifi kowa da 'yanci. Ta nemi lauya, ta kai ubangidanta ƙara, ta yi nasara a 1781. Baƙaƙen fata wajen 5,000 suka yi yaƙi a ɓangaren Amurka. Wasu dubbai kuma suka gudu wajen Ingilishi, domin su ne suka yi musu alkawarin 'yanci. A 1783 aka kwashe wajen 3,000 daga Niyok zuwa Nova Scotia, a 1792 kuma kusan 1,200 suka ƙetaro teku suka kafa birnin Freetown a Saliyo, nan Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai Harry Washington, tsohon bawan George Washington. Ya nemi 'yanci ne ta hanyar gudu daga wanda ake kira uban 'yanci.

'Yan asalin ƙasar kuwa, a 1779 Washington ya aika Janar Sullivan ya ƙone garuruwa wajen 40 na ƙabilun Iroquois da amfanin gonarsu, don yawancinsu sun goyi bayan Ingila. Mata fa? A watan Maris 1776 Abigail Adams ta rubuta wa mijinta John ta ce in za a tsara sababbin dokoki a tuna da mata. Ya mayar da abin wasa. Sai a 1920 tsarin mulkin ƙasar ya ba mata ƙuri'a.

MU GANI A ƘASA

Yanzu ga kan maganar. A hunturun 1777 zuwa 1778 sojan Washington wajen 12,000 suka yi sansani a Valley Forge, da yawa ba takalmi ba bargo, kusan 2,000 suka mutu, galibi da cuta. 'Ya'yan manoma ne da leburori da baƙi. Aka biya su da kuɗin takarda da ya lalace, da takardun alkawarin biya nan gaba. Da aka ci yaƙi, da taimakon sojan Faransa da jiragenta a Yorktown a 1781, aka yi sulhu a 1783, suka koma gida hannu wofi. Yunwa ta sa da yawa suka sayar wa 'yan baranda takardun nan a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1790 Alexander Hamilton, ma'ajin ƙasa, ya kawo shirin biyan takardun cif, amma ga wanda yake riƙe da su a lokacin. James Madison ya ce a ba sojan da suka fara mallakarsu wani kaso, majalisa ta ƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A Massachusetts gwamnatin Gwamna James Bowdoin ta ɗora haraji mai nauyi don biyan basussukan yaƙi, ana neman a biya da tsabar azurfa da zinariya, abin da manomin ƙauye ba shi da shi. Kotuna suka shiga ƙwace gonaki da shanu, ana kai masu bashi kurkuku. Manoma suka yi ta aika takardun koke, ba a kula ba. A watan Agusta 1786 suka taru suka hana kotun Northampton zama. Wanda sunansa ya fito a cikinsu shi ne Daniel Shays, tsohon kyaftin da ya yi yaƙi a Bunker Hill da Saratoga. Janar Lafayette na Faransa ya taɓa ba shi kyautar takobi don jaruntarsa, talauci ya sa ya sayar da shi.

Ku ji abin mamaki. Samuel Adams, wanda ya yi shekaru yana zuga talakawan Boston a kan harajin Sarki, shi ne yanzu ya taimaka aka tsara dokar hana tarzoma, yana cewa mai tawaye ga jamhuriya kisa ya cancanta. Attajiran Boston suka tara kuɗi daga aljihunsu aka ɗauki runduna. Ran 25 ga Janairu 1787 aka harba igwa a kan manoman a ma'ajiyar makamai ta Springfield, huɗu suka mutu, sauran suka watse. Daga baya aka rataye mutum biyu. Ashe an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Amma labarin bai ƙare a nan ba, kuma nan muke so ku riƙe da hannu biyu. A zaɓen Afrilu 1787 masu ƙuri'a suka fito suka kayar da Bowdoin warwas, John Hancock ya hau. Sabuwar majalisa ta rage haraji, ta sassauta wa masu bashi. A 1788 aka yafe wa Shays. Abin da bindiga ta kasa a Springfield, ƙuri'a ta yi shi cikin wata uku.

AMSA GA MASU MUSU

Za su ce, "In ba don Washington ba da ba a ci yaƙin ba." Mun ji. Ya riƙe runduna shekara takwas cikin wahala, a watan Disamba 1783 ya mayar wa majalisa takardar naɗinsa ya koma gona, a 1797 kuma ya sauka daga shugabanci don kansa bayan wa'adi biyu. Masu mulki kaɗan ne a tarihi suka yi haka, kuma muna yaba masa. Amma janar ba ya yaƙi shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an yabi mahayi a tuna da waɗanda suka taka ƙanƙara ba takalmi.

Za su ce, "Haka zamaninsu yake, kada a auna su da mudun yau." To, mu auna su da mudun zamaninsu. Anthony Benezet ya yi shekaru a Filadelfiya yana rubutu a kan muguntar bauta kafin a fara yaƙin. Robert Carter, attajirin Virginia, ya sa hannu a 1791 a kan takardar 'yanta bayinsa fiye da 450. A wannan shekara Benjamin Banneker, baƙin mutum masanin taurari, ya rubuta wa Jefferson yana tuna masa da maganarsa ta 1776. A 1814 wani saurayi maƙwabcinsa, Edward Coles, ya roƙe shi ya ja gaban yaƙi da bauta, Jefferson ya ce ya tsufa. Coles ya 'yanta nasa a 1819. Watau sun sani sarai. Ba ilmi suka rasa ba, asara suka ƙi.

Za su ce, "Ai su suka rubuta tsarin mulki mai kyau." Mutum 55 ne suka zauna a Filadelfiya a 1787, ƙofa a rufe. Suka yarda a lasafta bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa, wanda ya ƙara wa masu bayi ƙarfi. Suka hana majalisa taɓa fataucin bayi daga waje har 1808. Suka ce bawan da ya gudu a mayar da shi. Babu sashen da ya jera hakkokin ɗan ƙasa. Sai da 'yan hamayya irin su George Mason, wanda ya ƙi sa hannu, suka ta da murya a jihohi, sa'an nan aka ƙara gyare-gyare 10 a 1791, masu kare 'yancin magana, jarida, addini da taro. Abin da Amurkawa suka fi alfahari da shi a tsarin mulkinsu, hamayya ce ta jawo shi. Bautar da aka ɗaga wa ƙafa kuwa sai a 1865 aka soke ta, bayan yaƙin basasa ya ci mutum fiye da 600,000. Baƙaƙen fata na kudancin ƙasar sai da dokar 1965 suka sami damar jefa ƙuri'a ba tsangwama.

ABIN DA MUKA ƊAUKA

'Yan'uwa, darasi uku ne. Na farko, ba a ba Amurka 'yanci a faranti ba, kuma ba manya kaɗai suka karɓo shi ba. Mai takalma, majemi, ɗan jirgi, mace mai kaɗi da ɗan kasuwan da ya ƙi odar kaya, su ne suka fara, manya suka biyo baya da alƙalami.

Na biyu, korar baƙon mai mulki ba ita ce ƙarshen aiki ba. Mutumin da kuka yi ihu tare da shi jiya, in ya hau kujera, ku auna shi da abin da ya yi, ba da abin da ya faɗa ba. Samuel Adams na 1773 da na 1786 mutum ɗaya ne, kujera ce ta sāke.

Na uku, magana mai kyau in an rubuta ta, ta zama makamin wanda aka zalunta. Jefferson ya rubuta cewa mutane daidai suke bai aikata ba, amma bayi da mata da marasa gona suka riƙe maganar suka yi ta bin bashinta, tsara bayan tsara, har aka fara biya. Elizabeth Freeman ba ta iya karatu ba, amma ta saurara, ta gane, ta tafi kotu.

Saboda haka duk wanda ya sake ce muku ku koma rumfa siyasa ta manya ce, ku tambaye shi sana'ar mutum biyar da suka faɗi a Boston ran 5 ga Maris 1770. In ya sani, ya gama ba kansa amsa. In bai sani ba, ku ba shi wannan jarida ya karanta, sa'an nan ya dawo a yi magana.

Allah ya ba mu ikon gane gaskiya da tsayawa a kanta. Haza wasalam.